Kama da Wane Ba Ta Wane: Raddi ga Masu Jiran Na'ura Ta Daidaita Rumbunan Karatun Hausa

Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a tsakanin malamai da ɗaliban Hausa, musamman waɗanda suka ɗanɗani daɗin neman kayan karatu a intanet. Maganar ita ce, wahalar warwatsuwar kayan nazarin Hausa ta kusa zama tarihi, domin masana kwamfuta sun samar da dabarar da za ta sa rumbunan karatu daban-daban su fahimci juna ba tare da ɗan'adam ya sa hannu ba. A faɗar masu wannan ra'ayi, abin da ya rage kawai shi ne a zuba littattafai da kundaye da darussa a duk rumbun da aka ga dama, na'ura ta bi ta haɗa kowane rukuni da ɗan'uwansa, ɗalibi kuma ya zauna a ɗakinsa ya latsa ya samu. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba dukanta ce ƙarya ba. Amma in aka bi ta yadda ake faɗarta, waɗanda za su fara ɓacewa daga fagen nazarin Hausa su ne Hausawan ƙauyukan Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, waɗanda dama can ba kasafai ake tunawa da su a azuzuwan Kano da Zariya da Sakkwato ba.

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san abin da ake gardama a kansa. Kowane rumbun karatu yana da yadda yake kasa kayansa: wannan nahawu ne, wancan adabi, a ƙarƙashin adabi akwai na baka da rubutacce, a ƙarƙashin na baka akwai tatsuniya da karin magana da waƙa. Irin wannan jeri na rukunai, haɗe da bayanin dangantakar da ke tsakaninsu, shi masana kwamfuta ke kira ontoloji. Matsalar ita ce kowane rumbu da nasa jerin. Ɗakin karatun da ke bin tsarin Dewey ya ajiye harshen Hausa a lamba 493.72, wanda ke bin tsarin ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya faro shi daga PL8231, masu tsara kayan intanet kuma suna da nasu ma'aunan, irin su Dublin Core da aka faro a 1995 da LOM da hukumar IEEE ta fitar a 2002 domin darussa. Daidaita ontoloji shi ne gano cewa rukuni kaza na wannan rumbu shi ne rukuni kaza na wancan.

Ɗaya daga cikin hanyoyin yin haka ita ce rarrabewa bisa kamanni. Ana ɗauko rukunai biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, a auna su ta fuskoki da dama. Haruffa nawa za a sauya kafin wannan suna ya koma wancan? Rukunan da ke samansu da waɗanda ke ƙasansu sun yi kama? Kalmomin da ke cikin takardun da aka ajiye a ƙarƙashinsu sun yi tarayya? Kowace amsa ana mayar da ita lamba. Sai a kawo wa na'ura ɗaruruwan misalan da mutane suka riga suka yanke wa hukunci, wannan da wannan ɗaya ne, wannan da wancan ba ɗaya ba ne, har ta koyi inda iyaka take. Daga nan sai a sake ta a kan dubban rukunan da ba wanda ya duba. Tun a 2002 wani tsari mai suna GLUE ya nuna ana iya yin wannan aiki, kuma tun 2004 ake gudanar da gwajin shekara-shekara mai suna OAEI domin a ga wane tsari ya fi wani. Abu biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan bayani. Na'ura kama take aunawa, ba ma'ana ba. Hukuncinta kuma gadon hukuncin mutanen da suka ba ta misalai ne, da saninsu da jahilcinsu duka.

To, su wane ne mutanen da ake tsoron ɓacewarsu? Mahajjatan ƙasar Hausa da Barno sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙasa a kan hanyarsu ta zuwa Makka, kuma da yawansu sun yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, inda wajejen 1906 suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar, garin da Fulatanci da Hausa da Larabci ke zaune tare. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar 'yan ƙwadago ta jawo ƙarin mutanen yamma. Da yawansu ba su sami hawasha ba, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi, sai suka zauna a matsugunan leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi. Jikokinsu suna nan a kewayen Wad Madani da Sinnar da Sinja da Damazin da Rusairis, har Gadarif da Kasala. Ba a rasa rubuce-rubuce a kansu ba: Mark Duffield ya fitar da littafi a kan Mai Wurno a 1981, C. Bawa Yamba ya rubuta a kan mahajjatan da suka zama mazauna a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum kuma ya fitar da nazarinsa a kan Hausar Sudan da yadda take sajewa da Larabci a 1999. Kayan suna nan ke nan. Tambayar ita ce, a ƙarƙashin wane suna aka ajiye su.

A nan ne kalmar Fallata ta shigo. Asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi ne, amma a bakin Larabawan Sudan ta faɗaɗa har ta rufe Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da kusan duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma. Ɗalibin da ya karanta rabe-raben harsunan Afirka na Greenberg na 1963 zai ga girman abin nan take. Hausa tana cikin harsunan Cadi na dangin Afro-Asiya, Fulatanci yana cikin dangin Neja-Kongo, Barbarci kuma yana cikin dangin Nilu-Sahara. Wato suna guda ya haɗiye uku daga cikin manyan dangogi huɗu da Greenberg ya kasa harsunan nahiyar. Yanzu a ƙaddara wani rumbu na Larabci yana da rukuni mai suna Fallata, wani rumbu na Turanci ko na Hausa kuma yana da Fulani daban, Hausa daban, Kanuri daban. Na'urar da ke auna haruffa za ta karkata ga Fulani, kuma ba za ta rasa littafin bayani na Turanci da zai mara mata baya ba, domin da yawansu haka suka fassara kalmar kai tsaye. Da ta yanke wannan hukunci, duk wata tatsuniya ko waƙar aiki ko hirar tsofaffi da aka naɗa da Hausa a wani kambo, aka ajiye ta a ƙarƙashin Fallata, ta tashi daga hannun mai nazarin Hausa. Mai nazarin Fulatanci zai buɗe ta, ya ji ba harshensa ba ne, ya rufe. Ba wanda ya goge ta, ba kuma wanda zai sake ganinta.

In kuwa na'urar ta kalmomin cikin takardu take bi, aka yi dace takardun da ta gani Hausa ce ta fi yawa a ciki, sai ta ce Fallata ita ce Hausa. Wannan bai fi wancan gaskiya ba. Akwai ma abin da ya fi muni. A ƙa'idar SKOS da hukumar W3C ta tabbatar a 2009, alaƙar "daidai wa daida" tana naso: in A daidai take da B, B kuma daidai take da C, to A ta zama C. Saboda haka in wani daidaitawa ya ce Fallata ita ce Fulani, wani kuma ya ce Fallata ita ce Hausa, aka haɗa su a rumbu ɗaya, sakamakon shi ne Hausa ita ce Fulani. Abin da 'yan jarida suka daɗe suna yi da ɗan karan ɗori a tsakanin sunayen biyu, na'ura za ta yi shi da hujjar lissafi.

Sunan ƙasar kansa tarko ne. Malaman da suka rubuta da Larabci sun kira duk faɗin ƙasashen kudu da Sahara Biladus Sudan, masana tarihi kuma har yau suna kiran ƙasar Hausa da Barno Sudan ta Tsakiya. Mali ta yanzu Sudan ta Faransa ce har 1960. Littafin H. R. Palmer na 1928 mai suna Sudanese Memoirs, wanda tarihin sarakunan Kano ke cikinsa, ba labarin Hartum yake bayarwa ba. Juzu'i na biyu na kundin Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya tattara a 1995, na rubuce-rubucen Sudan ta Tsakiya ne, wato su Shehu da Abdullahi da Nana Asma'u. A wurin ma'aunin haruffa, Sudan da Sudan maki cikakke ne, ba harafi ko ɗaya da za a sauya. Ɗalibin da ya nemi Hausa a Sudan sai a ɗora masa tulin takardu a kan Kano da Katsina, ɗan abin da ke akwai a kan Jazira ya nutse a ƙasan tulin. Haka abin yake ga Takrur: tsohuwar daula ce a gaɓar kogin Senigal, suna ne na yammacin Afirka gaba ɗaya a taken Infaƙul Maisuri, kuma daga gare ta ne aka samo Takarir da ake kiran mutanen yamma a Sudan da Hijaz, da takarin da Bahaushe ya sani.

Masu kare na'ura za su ce ai tsarin zamani ba ya tsayawa a haruffa, yana duba muhallin da suna ya fito. Gaskiya ne. To ga misalin da muhalli ke ƙara rikita shi. Akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a 1837, kuma a can kabarinsa yake. Akwai kuma Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Attahiru, wanda ya kafa gari a Sudan shekara kusan saba'in bayan haka. Suna ɗaya, gida ɗaya, kalmar Wurno a gefen kowannensu, kalmomin Sakkwato da hijira da Sarkin Musulmi suna kewaye da su duka. Duk ma'aunin da aka ɗora sai ya ce mutum ɗaya ne, kuma tun da rubuce-rubucen da ke kan na farko sun ninka na biyu nesa ba kusa ba, na biyun ne zai narke cikin na farko. Garin kuma, da ake rubutawa Mai Wurno da Maiurno da Mayurno, ga kuma rubutunsa na Larabci, yana iya tsagewa ya zama garuruwa huɗu, ko ya manne da Wurnon jihar Sakkwato. Ko a ɗauki halwa. A Sudan, khalwa ita ce makarantar allo, malaminta faki, almajiranta hiran. A Hausar Kano, halwa keɓewa ce domin ibada. Kalmomin asalinsu ɗaya, muhallinsu ɗaya na addini, amma wanda ya haɗa su ya raba makarantar allon Jazira da tsangayar ƙasar Hausa, alhali su ne ya kamata a gwama. Ba a ma zo ga abin da ke faruwa in an share ƙugiyoyin haruffa ba, yadda wasu tsare-tsare ke yi kafin su fara awo, inda baƙi da wasali na darasin nahawu ke komawa baki.

Ya kamata a yi wa abokan gardama adalci. Ba mai hankalin da zai ce a zauna a daidaita dubun-dubatar rukunai da hannu, kuma a inda abubuwa ke da iyakoki tabbatattu, na'ura ta yi rawar gani. A gwajin OAEI akwai sashen da ake daidaita sunayen gaɓoɓin ɓera da na mutum, kimanin dubu uku-uku a kowane ɓangare, kuma sakamakon da ake samu a can abin yabo ne. Sai dai hanta hanta ce a ko'ina, ba ta da sunan da maƙwabta suka laƙaba mata da wanda take kiran kanta. A sashen gwajin da ake tsallaka harsuna, mai suna MultiFarm, sakamakon ya fi rauni ƙwarai, kuma ko da yake Larabci yana cikin harsunan gwajin, Hausa ba ta ciki. Wanda ya ɗauko nasarar gaɓoɓin ɓera ya yi alkawari da ita a kan sunayen al'ummu, ya sayar da abin da bai mallaka ba.

Akwai kuma ruɗin alƙaluma, wanda ya kamata kowane ɗalibi ya iya kwance shi da kansa. A ɗauka kowane rumbu yana da rukuni 1,000. Tagwayen da za a iya gwadawa sun kai 1,000,000, alhali na gaskiya da wuya su wuce 1,000. Na'urar da ta ce "ba ɗaya ba ne" a kowane karo, ba tare da ta duba komai ba, ta ci kashi 99.9 cikin ɗari. Shi ya sa masana na ƙwarai ba sa kawo wannan adadi, sai su tambayi nawa ne daidai cikin abin da ta haɗa, nawa kuma ta kamo cikin abin da ya kamata ta haɗa. Amma ko waɗannan ma matsakaici ne na rumbu gaba ɗaya. Tsarin da ya daidaita nahawu da tsarin sauti da wasan kwaikwayo da waƙar baka ba kuskure, ya kuma rushe rukunai goma da suka shafi Hausawan Sudan, zai fita da maki mai kyau, a tafa masa. Kuskuren na'ura ba ya bazuwa daidai a kan kowa. Yana taruwa ne a inda misalan horo suka yi ƙaranci, misalai kuwa suna ƙaranci a inda masu yanke hukunci ba su taɓa zuwa ba.

Duk wannan a kan mai bincike ne. Mai koyo ya fi shi shiga uku. Yaron da ya tashi a kambon Jazira yana jin Hausa a gida, makarantarsa da Larabci take, idonsa kuma da haruffan Larabci ya saba. In ya nemi darasin karatun Hausa na masu farawa, abin da zai faɗo masa shi ne ko dai littafin firamaren Nijeriya da aka rubuta da boko domin yaron da malami ke tsaye a kansa, ko darasin da aka shirya wa Bature, da bayanin Turanci, ana koya masa sannu da zuwa. Dukansu "Hausa, matakin farko" ne a wurin na'ura, kuma ba ɗayansu da zai amfane shi. Abin takaicin shi ne ma'aunan da ake da su sun tanadi wurin bambancewa. LOM ya ware gurbin harshen da aka rubuta darasi da shi daban, gurbin harshen wanda aka yi darasin dominsa daban. Lambar harshe tana karɓar ƙarin rubutu da ƙasa, ta yadda ha-Latn-NG ba ta zama ha-Arab-SD ba. SKOS kuma, bayan "daidai wa daida", yana da "kusa da", yana da "ya fi faɗi", yana da "ya fi ƙunci", kuma "kusa da" ba ta naso. Fallata ta fi Hausa faɗi ta wata fuska, Hausa ta fi ta faɗi ta wata, kuma akwai hanyar rubuta haka. Guraben suna nan a buɗe. Masu zuba kaya ne ke barinsu wayam, su rubuta "Hausa" su wuce, sannan a zo ana jiran na'ura ta gano abin da mai kaya bai damu ya faɗa ba.

Wani zai ce wannan duk maganar lakabin kan kanta ce, ba ta kai a ɗaga murya ba. Wanda ya san tarihin waɗannan mutane ba zai faɗi haka ba, domin tambayar wane rukuni za a sa su ita ce ta bi su tsawon ƙarni. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar waɗanda suka iso bayan Burmi a waje. A watan Yuli na 2022, da kuma Oktoba, an yi rikici a jihar Shuɗin Nilu da ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma cikin abin da ya haddasa shi akwai takaddama kan ko Hausawa suna da haƙƙin samun sarautarsu a tsarin mulkin gargajiya, wato ko 'yan ƙasa ne ko baƙi. Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya tarwatsa ƙauyuka da makarantu. A farkon yaƙin ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone. Ba wanda ke cewa kuskuren rumbun intanet ne ke kashe mutane. Abin da ake cewa shi ne, a ƙasar da takarda ke ƙonewa, hoton da aka ɗauka aka ajiye a intanet yana iya zama shi kaɗai ya rage, kuma in lakabinsa ya kauce, bambancinsa da wanda ya ƙone kaɗan ne.

Laifin, in za a faɗi gaskiya, ba na masana kwamfuta ba ne. Su sun ce a ba su misalan horo, kuma abin da aka ba su da shi za su yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, da ta Abdou Moumouni a Yamai, sun shekara da shekaru suna fitar da kundaye a kan karin harshen Katsina da na Sakkwato da na Daura da na Damagaram, kuma su ne ke da ikon fitar da jerin rukunan nazarin Hausa da kansu, da Hausa da Larabci da Turanci da Faransanci, tare da Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum. A cikin wannan jeri ne za a rubuta cewa Hausar Sudan rukuni ce mai zaman kanta, cewa Bello biyu ne, cewa khalwa tana kusa da tsangaya ba da halwa ba, cewa Fallata ba a haɗa ta da komai "daidai wa daida". Daga irin wannan jeri ne ake ciro misalan horo, kuma duk tagwayen da suka shafi sunan al'umma ko na mutum ko na gari, na'ura ta kawo shawara, malami ya sa hannu, kuma a cikin masu sa hannun a sami wanda ya sha ruwan Shuɗin Nilu.

Ɗalibi ma yana da nasa kason tun kafin manya su motsa. Wanda ya sami muryar wata tsohuwa 'yar gudun hijira daga wani kambo na kusa da Wad Madani tana ba da tatsuniya, ya tashi ɗora ta a rumbu, kada ya rubuta "Hausa" ya tsaya. Ya rubuta sunan ƙauyen da boko da kuma Larabci, ya rubuta jiha da ƙasa da shekara, ya faɗi sunan da matar ke kiran mutanenta da shi da wanda maƙwabtansu ke kiransu da shi, kowanne a gurbinsa, ya kuma nuna a inda ta sauya harshe zuwa Larabci a tsakiyar labarin.